Ranar da BLAST ya ce mini babu

A watannin farko da na fara aiki da BLAST, manhajar da ke nemo makamancin jerin DNA a cikin waɗanda aka riga aka sani, duk abin da ya fito a fuskar kwamfuta gaskiya ne a wurina. Ka manna jerin haruffan DNA, su A da C da G da T, ka latsa, kafin ka gyara zama sakamako ya iso daga GenBank, babban rumbun da ake tara jerin DNA. Ban taɓa tambayar kaina daga ina wannan saurin yake ba.

Wata rana na saka wani guntun jeri da muka samo daga ƙwayar bakteriya, aka ce babu makamancinsa. Murna ta kama ni. Na garzaya wajen malamina na ce, "Malam, ina jin mun gano sabon abu." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Da wanne ka bincika?" Ashe BLAST iri-iri ne. Da megablast na bincika, wanda shafin NCBI, cibiyar da ke kula da GenBank, ke buɗewa a kansa, ni kuwa ban san ana canja shi ba.

Sai ya zaunar da ni. Hanyar Smith da Waterman ta 1981 tana gwada kowane harafi da kowane harafi, ba abin da ke kuɓuce mata, amma a babban rumbu sai ka gaji da jira. Shi BLAST, wanda Altschul da abokan aikinsa suka fitar a 1990, yanke yake yi. Yana fara neman ɗan guntu da ya yi daidai sak, daga nan ya faɗaɗa hagu da dama. Megablast haruffa 28 a jere yake nema, blastn kuwa, wani nau'in BLAST ɗin, 11. Idan zumuncin ya yi nisa, sauye-sauye sun yi yawa, da wuya 28 su tsira a jere, sai ya wuce ta gefen ɗan'uwa bai gane shi ba.

Muka koma blastn, 'yan kaɗan suka leƙo. Da muka juya jerin zuwa furotin ta blastx, nau'in da ke fassara DNA zuwa furotin kafin ya bincika, sai ga dangi reras. Dalili shi ne uku-uku ake karanta haruffan DNA wajen haɗa furotin, kuma harafi na uku a kowane rukuni yakan sauya ba tare da furotin ɗin ya canja ba, don haka kamanni ya fi daɗewa a furotin.

Tun daga ranar nake rubuta manhajar da na zaɓa, da tsawon guntun farawa, da ranar binciken, domin rumbun kullum ƙaruwa yake, kuma lambar E, wadda ke nuna yawan kamannin da za a iya samu bisa dace kawai, tana tafiya da girmansa. Sabon abin nawa kuwa, ashe an daɗe da raɗa masa suna.