Lemun Timiya da rawanin Kura

Ni fa kafin na je ƙasar Abzin abin da na sani a kan Buzaye bai wuce masu gadi da tukunyar shayinsu a bakin get ba, sai kuma gishirin Balma da ake ba dabbobi. Wani abokina ɗan Damagaram da muke harkar albasa tare shi ya ja ni, wai in zo in ga inda kayan ke fitowa. Muka bi ta Tanut da Adarbisinat har Agadas, wannan hanyar kam ba sai na ɓata bakina ba, yini guda cur mota na jijjiga mu.

Kwana biyu muka yi a Agadas. Na hau hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa tun 1515, cikinta matsattse ne wallahi sai da na yi ta duƙawa, amma in ka leƙo daga sama garin gaba ɗaya ja ne kamar an shafa masa jan ƙasa da hannu.

Daga nan ne tafiyar ta fara. Timiya, garin da muka nufa cikin duwatsun Abzin, ta ɗan haura kilomita 200 daga Agadas, a taswira kamar ba komai, amma babu kwalta, sai baƙaƙen duwatsu da busassun ƙoramu da Hilux ke bi ta cikin yashinsu, ga babu sabis ko ɗigo. Wajen la'asar taya ta fashe, kafin a canza magariba ta yi, direba ya ce nan za a kwana. Shi ko a jikinsa. Ya hura wuta ya kwaɓa fulawa, ya ture garwashin gefe ya binne kwaɓin cikin yashi mai zafi ya mayar da garwashin a kai, can ya tono ya karkaɗe ya gutsuttsura mana cikin miya. Tagella suke ce mata. Na yi zaton zan tauna yashi, ko ƙwaya ban ji ba. Sanyin daren nan kuwa, lokacin hunturu ne, duk kayan da ke jakata sai da na saka har da rigar Juma'a.

Da hantsi muka shigo Timiya, kai jama'a, bayan duk wannan dutsen sai ga lambuna kore shar, lemu da rumman da dabino. A wani lambu na tsaya kallon raƙumi yana jan ruwa daga rijiya, yaro na gaba da akala, ya tafi ya dawo, guga ta fito ta juye cikin kwalbatin itace ruwa ya bi ta cikin fangali. Da yawa yanzu inji suka koma, shi wannan mai lambun bai bari ba.

Tsoho ne, fuska a rufe sai ido. Na yi sallama na ce Baba sannu da aiki, ya amsa da Hausa tas, ya ce daga ina yarona, na ce Kano. Sai ya ce wace unguwa. Nan fa na zauna. Ashe yana saurayi ayari yake bi, in damina ta wuce su ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Balma su ɗoro kantun gishiri da dabino, su dawo su huta sannan su gangara kudu ƙasar Hausa su sayar su sayi gero, raƙuma na kiwo a gonakin da aka girbe. Ya san kasuwar Kurmi, ya san Fagge nan ne masaukin ayarinsu tun zamanin kakanni, ni da aka haifa a garin ban taɓa jin wannan ba.

Ana kan shayi na biyu ya shiga ɗaki ya ɗauko rawaninsa na biki a naɗe cikin takarda, turkuɗi mai ƙyalli, da na taɓa sai da shunin ya kama min yatsu. Ya ce wannan aikin mutanenku ne, a Kura ake rina shi a buge shi, ka san marinar? Kunya ta kama ni, Kura fa ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga gidanmu ba, kuma wucewa kawai nake a mota in zan je Zariya. Na ce Baba ban taɓa tsayawa ba. Ya yi dariya ya ce to ka sha na ukun, shi ya fi zaƙi.

Washegari muka wuce ta kangon Asode, tsohon birnin Abzin da ba kowa yanzu sai bangayen dutse, muka kwana Iferwan a gindin dutsen Tamgak. Lissafin albasar ma abokina ne ya yi shi, ni hankalina ba ya wajen. Lemun da tsohon ya cika min jaka da shi a mota muka shanye, guda huɗu kawai na ɓoye cikin rigar Juma'ar na kai wa Hajiya.