Wayar da ta cinye min mako uku da kuɗin sabon kik

Motata MGB ce ƙirar 1972, mai buɗaɗɗen rufi, cikin waɗanda aka haɗa a garin Abingdon kafin a rufe masana'antar a 1980. Shekara huɗu ke nan tana hannuna a nan Ingila, kuma ba ta taɓa ba ni ciwon kai irin na hunturun da ya wuce ba. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, domin abin da ya lalace bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, ni kuwa na yi ta zuba kuɗi a inda babu ciwo.

Da sanyi ya fara shiga, sai in murɗa ki in ji "ƙas", kik ya juya injin da ƙyar sau biyu ko uku, sannan shiru. Wata rana kuma ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Ban yi wani dogon tunani ba na ce batir ne. Waɗannan motoci na kafin 1974 batir biyu gare su masu folt 6, a bayan kujeru ƙarƙashin wani murfin ƙarfe, an jona su suna ba da 12. Na sa mita na ga 12.4, mota a kashe. Wannan ba mataccen batir ba ne, na kuma san haka, amma na ce ai sun tsufa, na sayo sababbi guda biyu. Kwana biyu tana tashi, rana ta uku ta koma gidan jiya.

Tun a lokacin akwai alamar da ke gabana na ƙi dubawa. Duk sanda kik ya gaza, fitilun gaba ba sa dusashewa sosai. In batir ne ya yi sanyi, da ka murɗa ki za ka ga hasken ya faɗi. Nawa kuwa tar suke. Wutar tana nan, hanya ce ba ta samu ba.

Sai na koma kan kik. A MGB yana can ƙasa ta gefen dama na injin, sai ka ɗaga mota ka ɗora ta kan matokara, ka kwanta a siminti mai sanyi kafin hannunka ya kai. Na cire kan batir tukuna, domin wayoyin nan masu ruwan ƙasa da ke haɗuwa a solinoyid, wato makunnin da ke jikin kik, kullum da wuta suke kuma babu fis a gabansu. In ba a cire ba, da sifana ta taɓa jikin mota sai tartsatsi. Na fito da kik na ɗora a teburi, na jona shi kai tsaye da batir. Ya yi ta gudu, haƙorinsa na fita da ƙarfi. Nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ce ai a teburi ba ya ɗauke da nauyin injin, dole ya yi gudu. Na sayi wani. Asabar guda na ɓata ina ɗaurawa, na sauke mota, na murɗa ki: "ƙas", juyi biyu, shiru. Na daɗe zaune a kujerar ban ce komai ba.

Mako na uku na bi ƙananan wayoyi. Fara mai jan layi daga makunni zuwa rile (ƙaramin makunnin da ke aika wa solinoyid wuta), fara mai layi ruwan ƙasa daga rile zuwa solinoyid, akwatin fis, duk na goge na matse. Komai daidai.

Wani yammaci bayan la'asar, duhu ya fara shiga da wuri kamar yadda yake yi a nan, na ce da ɗana ya zauna ya murɗa min ki ni in tsaya a gaban injin in saurara. Ya murɗa ya riƙe. Sai na ji ƙaurin roba. Na haska tocila, sai ga wani siririn hayaƙi yana tashi daga wayar cok, wadda ta fito daga dashbod zuwa kafireta.

"Baba, in ƙara murɗawa?"

"A'a, sake shi! Cire ki ɗin gaba ɗaya."

Na kai yatsa na taɓa wayar, ta ƙone ni. Wayar cok ba ta da wata alaƙa da lantarki, aikinta ja da saki ne kawai. Me zai sa ta yi zafi? A nan kaina ya waye. Injin a kan robobi yake zaune, giya ma haka, don kada jijjiga ta shiga jikin mota. Roba kuwa ba ta ba wuta hanya. Wutar da ta shiga kik, wadda ta haura amfiya 100, dole ta koma batir ta jikin mota, kuma gadarta ita ce wata saƙaƙƙiyar waya da ke tsallake ɗaya daga cikin robobin, daga injin zuwa ƙarfen mota. Da gadar ta lalace, sai wutar ta nemi duk ƙarfen da ya haɗa injin da jiki: wayar cok, wayar totur, wayar mitar gudu. Siraran wayoyi ne aka ɗora wa kayan da ba nasu ba.

Na leƙa na ga saƙaƙƙiyar wayar tana nan a wurinta. Daga sama lafiya take, shi ya sa idona ya wuce ta sau ba adadi. Na sa yatsa na ja, sai zaruruwan suka yi ta tsinkewa, sun yi kore sun rududduge, ƙarƙashin notin kuma tsatsa ce zalla. Gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara da danshin ƙasar nan sun gama da ita a hankali. Na ɗauko wayar jona batir guda ɗaya, na maƙala bakinta ɗaya a jikin injin, ɗayan a ƙarfen mota mai tsabta. Na ce da yaron ya murɗa. Kafin ya gama murɗawa ta tashi.

Waya ɗaya da ke rataye a garejina tun ranar farko, da minti biyu. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Ba sai na sayi komai ba da na gane.

Washegari na cire wayar koyil don kada mota ta tashi, na sa mita tsakanin injin da jikin mota, aka murɗa ki. Kusan folt 4 ke ɓacewa a wannan ɗan wurin. Na goge mazaunin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ɗaura sabuwar waya, na shafa giris a kai. Na sake aunawa: 0.2.

Duk wanda ya tambaye ni yanzu, abin da nake ce masa shi ne kada ya auna wuta mota na hutawa ya ce ya auna. Zare ɗaya da ya rage a waya zai nuna maka 12 cif a mita, amma ba zai juya injin ba. A auna lokacin da ake murɗa ki: a kan batir kada ya faɗi ƙasa da wajen 10, sannan a bi babbar waya daga batir zuwa kik, a bi hanyar dawowa daga injin zuwa jiki zuwa batir. Duk ɓangaren da ya cinye fiye da rabin folt, can matsalar take. A mota irin wannan da batir ke baya, hanyar doguwa ce, mahaɗai kuma da yawa. Kuma kada a yarda da ido. A ja wayar da hannu.

Abin da ke hana ni sukuni in na tuna shi ne inda hayaƙin ya tashi. Wayar cok a jikin kafireta biyun nan take ƙarewa, inda fetur yake, ɗana kuma yana zaune a ciki. Mako uku ina murɗa ki ina riƙewa, ban san abin da nake dafawa ba. Allah ne ya kiyaye.

Na canza wayar cok domin ta riga ta ƙone ta daina zamewa, na kuma ƙara waya ta biyu mai kauri daga injin zuwa jikin mota, a inda zan riƙa ganinta da na buɗe bonet. Tsohon kik ɗin yana kan kanta a gareji, lafiyarsa ƙalau.