Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rediyon Akori-kurata

Makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a kamfanin yanka kaji, a wani ɗan gari na jihar Tenesi a Amurka wanda ko rabin Bukuru bai kai ba. Da na ɗan tara kuɗi sai na sayi tsohuwar akori-kura. Rediyonta tasha ɗaya kawai yake kamawa garau, ta garin, a matsakaicin zango.

Tsofaffin waƙoƙin kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, zalla suke sawa, na shekarun 1950 zuwa 1980. Wani dattijo mai sanyin murya ne ke buɗe tashar da asuba, daidai lokacin da nake tasowa daga aikin dare. Ya faɗi yanayin gari, ya faɗi farashin masara da waken suya da shanu, sannan ya karanta sanarwar rasuwa: wane ya rasu, ya bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, jana'iza a coci kaza. Daga nan a buɗe waya. Wannan yana sayar da tarakta, waccan tana cigiyar karenta, wani maraƙinsa ya tsallake shinge. Ranar da na fara ji sai da na rage gudu. Ashe su ma suna cigiya a rediyo kamar mu. Wata shida na yi a garin ban san kowa ba, amma ta bakin dattijon nan na san sunayen zuriyoyinsu kaf.

Rana na faɗuwa tashar ke dusashewa. Doka ce ta tilasta wa irin waɗannan ƙananan tashoshi su rage ƙarfi da dare, wasu ma su rufe, saboda a lokacin sautin matsakaicin zango yana tafiya nesa, sai su shiga wa manya. Idan zan tafi aiki sai in murɗa zuwa 650, in kamo WSM ta Nashbil, mai ƙarfin wat 50,000, wadda ke watsa shirin waƙoƙin kantiri na Grand Ole Opry tun 1925.

Ban taɓa faɗa muku ba, Babanmu, Allah Ya jiƙansa, tela ne a Jos. Kan teburin yankansa akwai rikoda da kaset ɗin mawaƙin kantiri Don Williams, wanda zarensa ya sha tsinkewa ana liƙewa da jan farce. Turancin Baba bai wuce na ciniki ba. Ya kan ce, "Mutumin nan ba ya hayaniya, yana waƙa kamar mai yi wa ɗansa nasiha." Ƙarar keken ɗinki da wannan murya, tare suke a kunnena har yau.

Ranar Juma'a 8 ga Satumba, 2017, Don Williams ya rasu yana da shekara 78. Washegari da safe dattijon ya yi ta sa waƙoƙinsa, mutane na bugowa. Na tsaya gefen hanya kusa da wata gonar masara, rigar aiki a jikina tana ƙarnin kaji, na buga. Hannuna na rawa.

"Daga ina kake kira, ɗana?"

"Yallaɓai, daga nan garin, amma ni ɗan Nijeriya ne."

Na ba shi labarin Baba da kaset ɗin. Na ce masa a garinmu har a motocin haya ana jin wannan mutumin. Ya yi shiru, har na zaci waya ta yanke. Sai ya tambayi sunan Baba. Sau uku ina maimaitawa kafin ya iya faɗa, kuma ya faɗa daidai. Ya ce waƙar da ke tafe ta tela ce na Jos.

Na kifa kaina a kan sitiyari har ta ƙare.

Ranar Litinin a wurin aiki, wata tsohuwa da muka shekara layi ɗaya ko gaisuwa ba ta haɗa mu ta tare ni a bakin ƙofa. Abin da ta miƙo mini a cikin leda, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.