Abin da aikin atisaye ya koya min kafin in bar kulob

Tunda dai labari ya riga ya fita na ajiye aikin mai kula da ƙarfin 'yan wasan ƙwallon ƙafa, bari in rubuta wannan saboda wanda zai gaje ni.

Babban koci kun san shi, ba sai na kama suna ba. Shi a wajensa atisaye gudun titi ne kawai, safe da yamma, har jajiberin wasa, wai haka aka yi musu a zamaninsu. Na sha ce masa ranka ya daɗe jiki fa hanya uku yake samo ƙarfi. In lamba bakwai ya zabura zai wuce mai tsaron baya, wani sinadari da ke ajiye cikin tsoka yake ƙonawa, fosfokiriyatin, wajen daƙiƙa 10 ya kusa ƙarewa, kuma sai ya samu minti 3 zuwa 5 kafin ya cika. In aka ci gaba da matsa masa sai jiki ya koma ƙona sukari da gaggawa ba tare da jiran iska ba, nan za ka ga cinya ta yi nauyi, yaro ya kama ƙugu yana haki. Gudun titi hanya ta uku yake ginawa, ta zuciya da huhu, kuma wallahi tana da amfani don ita ke sa ɗan wasa farfaɗowa da wuri, amma ita kaɗai ba ta koya wa ƙafa zabura, kuma sukarin da tsoka ke ajiyewa in ka ƙwaƙule shi sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya dawo, shi ya sa yaranmu da an shiga minti na 60 sai ka ga ƙafa ta mutu.

Abin da ya fi min ciwo shi ne atisayen bayan cinya, wanda yaro zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa faɗowa gaba a hankali. Koci ya soke shi, wai wasan yara ne. Cikin zafin Afrilu wani yaronmu ya bi doguwar ƙwallo, sai kawai ya dafe bayan cinyarsa ya zube. A gaban ciyaman aka ce ni na jawo da ɗaga ƙarfe. Ba wanda ya tambayi gudun jiya da yamma.

Sauran darussan gajeru ne. Duk abin da ka tsara aka soke, rubuta shi a littafi da kwanan wata. A azumi a bar atisaye mai nauyi sai bayan shan ruwa. Ka sa ido kan barcin yara.

Yaron dai har yau ni yake nema da asuba muna gyara cinyar tasa, kyauta, kuma kulob bai taɓa kiransa ya ji ya jiki ba.