Minti bakwai a gaban kyamara

Ranar da na fara shiga situdiyon talabijin a nan Katsina, na shiga ne da ƙarfin gwiwata. Shekara huɗu ke nan ina riƙe makirufo ina barkwanci a wuraren biki, daga kamu zuwa dina, kuma na saba kafin in rufe baki mata sun fara shewa suna tafawa. Furodusa ya nuna mini wani layi da aka manna da salatif a ƙasa, ya ce in tsaya a kansa kada in gusa, in riƙa duban kyamarar da jar fitilarta ta kama, minti bakwai ne rabona. Na saki labarin farko, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Shiru kake ji. Mai ɗaukar hoto hankalinsa na kan aikinsa, mai kula da sauti ya rufe kunnuwansa da abin saurare, fitilu kuma suna gasa mini goshi. Da na kai gaɓar da ake dariya sai na rasa ko in dakata ko in wuce, na yi ta zuba kamar mai ba da hadda. Abin da na tanada na minti bakwai ya ƙare a minti huɗu.

A hanyar komawa gida na gane cewa duk shekarun nan jama'a ne suke riƙe mini aikin. Su ke nuna mini inda zan ja numfashi, inda zan maimaita kalma, inda zan yi shiru in bar su su ƙarasa da kansu. Mako na gaba na roƙi a ba ni dama in zo da mutane. Na kwaso abokai da 'yan unguwa kusan ashirin, aka jera musu benci a bayan kyamara. Daga ranar ban sake yarda an ɗauke ni a ɗakin da ba kowa ba, kuma na ƙi dariyar nan ta inji da ake liƙa wa shiri daga baya, domin kunnen Bahaushe yana gane ta.

Asalin abin daga tashe ya faro. Da azumi ya kai kwana goma, ni ake liƙa wa gemun auduga in ɗauki sanda in yi tsoho, mu bi gida gida a ba mu hatsi ko 'yan kuɗi. Da salla kuma, in an watse daga kallon hawa a Ƙofar Soro, na kan laɓe inda 'yan kama suka kafa da'ira. Ɗan kama zai gyara zama kamar babban malami, ya ɗauko muryar wa'azi, amma duk karatun nasa a kan tuwo da miya da fura zai ƙare. Mutum ɗaya, ba ado, ba abokin wasa, ya riƙe taro da bakinsa kawai. Shi ya sa nake jin ciwo idan aka ce barkwancin mutum ɗaya a tsaye daga Legas ko Amurka muka aro shi. Gaskiya ne su Ali Baba ne suka mai da shi sana'ar manyan dakunan taro a kudu tun shekarun 1990, amma mu da 'yan kama da 'yan gambara da wawan sarki muka tashi. Abin da talabijin ta fi saba mana da shi dai wasan kwaikwayo ne, irin na marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da marigayi Kasimu Yero, sai kuma Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014. Su suna da abokan wasa da za su jefa wa magana a dawo musu da ita. Mai tsayawa shi kaɗai ba shi da inda zai jingina.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Abin da ake ba ni a shirin bai wuce kuɗin mai da sabulu ba. Amfaninsa shi ne fuska ta sanu, masu biki su neme ka daga Daura, Funtuwa, Dutsin-ma, har kuɗin gayyatarka ya ɗaga. Ban taɓa rufe shagona na gyaran waya ba, kuma duk yaron da ya zo neman shawara wannan nake fara gaya masa.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne yadda talabijin ke cin labari. Labarin da zan yi shekara ina yawo da shi a bukukuwa, sau ɗaya za a haska shi ya mutu, domin kowa ya ji, wani ma ya yanka ya sa a Facebook da TikTok. Dole na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin ina sa shi a aljihun gaba. Teburin mai shayi da asuba, tashar mota, layin asibiti, cikin Keke Napep, duk makarantu ne. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, na kwana uku ina zama kusa da wani mai POS ina sauraron yadda magidanta ke lallashinsa kamar masu neman aure. Ban ƙara komai ba, na kwashe yadda na ji na kai situdiyo. Har yau shi ne abin da aka fi tare ni da shi a hanya, saboda kowa ya ga kansa a ciki kuma ba a ci mutuncin kowa ba.

Kafin in kai ga fahimtar haka sai da na yi ɓarnar da har gobe take damuna.

Akwai wani dattijo mai faci a bakin titin unguwarmu, yana da in'ina. Na daɗe ina kwaikwayon maganarsa a wuraren biki, yadda yake maƙalewa a kan kuɗin faci har mai babur ya gaji ya biya ya tafi. Ana dariya har da hawaye. Wani mako labarai suka ƙare mini, sai na ɗauko shi na yi a talabijin. Ban ambaci sunansa ba, amma na yi tsayuwarsa, na yi yadda yake goge hannu a gefen riga, duk wanda ya san unguwar ya san da wa nake.

Bayan kwana biyu mahaifiyata ta aiko a kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai wannan, mutumin nan taubashinka ne?"

Na ce a'a, Inna.

"Jikansa ne kai?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To da wane hurumi?"

A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ƙaramin ɗan dattijon shi ma yana da in'ina, kuma tun daren da aka haska shirin yara suke bin sa suna yi masa irin muryar da na yi. Ya daina zuwa Islamiyya.

Da la'asar na tafi rumfar facin. Na cire takalmi na durƙusa a gefen kwanon ruwan da yake tsoma tayoyi, na ce, "Baba, na zo neman gafara." Ya ci gaba da goga tuf da ɗan ƙarfensa, ya daɗe bai tanka ba. Da ya buɗe baki maganar ta maƙale masa, kuma a karon farko a rayuwata na tsaya na jira shi har ya kai ƙarshenta. Ya ce shi ya yafe, tun yana yaro ake yi masa, fatarsa ta yi kauri. Amma in je in san yadda zan yi da yaron.

Tambayar Inna ita ce dokar da kakanninmu suka kafa wa wasa, ni kuma na taka ta. Bakatsine yana tsokanar Banufe, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji. A kowanne, wanda ka jefa yana da bakin ramawa, kuma gobe shi zai riga ka. Dattijon nan ba shi da makirufo, ba shi da minti bakwai. A wurin biki maganar tana mutuwa a cikin rumfa, amma talabijin tsakar gida take shiga, inda uba da uwa da yara suke zaune a tabarma ɗaya, yaran kuma su ɗauka cewa abin da babba ya yi a akwati halal ne.

Na buɗe littafina a daren na soke duk abin da ya shafi makaho, gurgu, kurma, mai taɓin hankali da baƙauye. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kuma su ne masu saurin kawo dariya. Na sha wuya wata biyu kafin in cike gurbinsu. Haka nan ban taɓa saka 'yan bindiga a barkwanci ba, ko da wasu sun ce ana yi a wani wuri. A bencin da ke bayan kyamara akwai wanda ya baro Batsari ko Jibiya da iyalinsa ba don yana so ba, akwai wanda ɗan'uwansa na cikin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020. Ba zan iya duban idonsu in yi ba.

Yaron kuwa, sai da na yi sati ina zuwa ƙofar gidansu kafin ya yarda ya fito. Na raka shi Islamiyya da kaina, na nemi izinin malam na tsaya gaban ajin na gaya wa yaran cewa abin da na yi kuskure ne, kuma duk wanda ya sake kwaikwayonsa ni ya kwaikwaya a mugun hali. A shirin da ya biyo baya na ɗauki minti ɗaya daga cikin bakwai ɗin na ba da haƙuri ba tare da na ambaci kowa ba. Furodusa ya so a yanke wurin, na ce in an yanke ba zan dawo ba, aka bar shi.

Yanzu yaron ya zama saurayi, yana zuwa shagona koyon gyaran waya bayan ya taso daga makaranta. In'inar tana nan. Idan mai kawo gyara ya nemi ya ƙarasa masa magana, na kan ɗaga hannu in ce a bar shi ya gama.