Maɓallin da na wanke da ruwan batir

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai tsaya a shagona ya tambaye ni kuɗin injin gano ƙarfe ba, da kuma inda ake samun kayan yaƙin Turawa a nan Sakkwato. Tambayar farko nakan amsa ta nan take. Ta biyun ce nake jan ƙafa a kanta, domin da ita na fara, kuma ta kai ni ga ɓarnar da har yau take damuna.

Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Bama. A adakarsa akwai jar dara da rigar fareti mai maɓallan tagulla, irin waɗanda tsofaffi ke kira anini, kowanne da hoton bishiya a tsakiya. Da ya rasu, adakar ta shiga hannun magada, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Saboda haka a 2016, da wani ɗan uwanmu ya dawo daga Jado ta arewacin Nijar, inda ake rububin zinari tun 2014, ya sa injinsa a kasuwa don ya biya bashi, ban yi wata-wata ba na saye. Ni ba zinari nake nema ba, anini irin na kakana nake son in sake riƙewa.

Watannin farko ba abin da nake tonowa sai murfin kwalba da ƙusa da gwangwanin madara. Inda ƙasa take da marmara kuwa injin yakan yi ta kuka ba dalili, saboda marmarar kanta ƙarfe gare ta, sai ka koyi daidaita shi da ƙasar wurin kafin ka fara tafiya. Wannan duk koyo ne, kowa zai bi ta nan, ba shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Bayan ruwan farko na wata damina, a wani kango da ake shirin gini a gefen gari, na samu abin da nake nema. Maɓalli ne, ya yi kore shar saboda daɗewa, amma bishiyar na nan ana ganinta. Nan take na yanke wa kaina hukunci: bishiyar giginya ce, don haka maɓallin na yaƙin Giginya ne, na safiyar 15 ga Maris 1903, ranar da sojan Kanar Morland suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a bayan ganuwar birni. Ɗoki ya hana ni barci. Na kai shi shago na tsoma shi cikin ruwan batir, na bi shi da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, don in nuna wa mutane.

Akwai wani malamin tarihi mai ritaya a unguwarmu, shi na fara kai wa. Ya juya shi gaba da baya a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi masa wannan aiki?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka goge rabin maganarsa."

Shi ya zaunar da ni ya karantar da ni abin da ya kamata in sani tun kafin in sayi inji. Bishiyar kwakwa ce, tambarin rundunar da Ingila ta kafa a Afirka ta Yamma a 1897 ƙarƙashin Lugga. Ya nuna mini haruffan da suka tsira a jikinsa, na farkonsu R. Ba a ƙara wa sunan rundunar wannan harafi ba sai a 1928, wato maɓallin da nake murna da shi bai zo duniya ba sai bayan yaƙin Giginya da aƙalla shekara 25. Bayan maɓalli kuma, inda na fi dirjewa, nan ne masu ƙerawa ke buga sunansu, kamfanoni irin su Firmin da Gaunt na Ingila, kuma da yadda aka rubuta sunan masana ke kusantar shekarun ƙira. A nawa haruffa biyu kawai suka rage. Har siffar kambi a kan wasu maɓallan sojan Ingila tana magana, domin an sauya ta bayan Sarauniya Elizabeth ta hau gado a 1952. Koren nan da na ɗauka datti ne, shi ne fatar da ta kare tagullar duk tsawon shekarun.

To ku ji ni da kyau. In kun samu abu, kada ya ga ruwan batir, ko lemun tsami, ko toka, ko man goge ƙarfe. Ku bar shi ya bushe, ku kakkaɓe ƙasar da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ku bi lungunan da tsinken itace a hankali. In bai fito ba, ku haƙura ku kai wa wanda ya sani.

Ban daddara ba. Na daina wankewa, amma na ci gaba da tarawa. Duk abin da na samu, kwanson harsashi ne, ƙarfen ɗamara ne, kan kibiya ne, kwabo mai huji ne, sai in jefa shi cikin gwangwani ɗaya. Da gwangwanin ya cika na sake komawa wurin Malam ina jin na yi abin kai. Ya ɗauki kwanso ɗaya ya ce, ina ka samo wannan? Na ce ko ta hanyar Wamakko, ko ta Kware. Ya ɗauki wani, amsar ke nan. Ya mayar da murfin ya miƙo mini.

Wannan ya fi ruwan batir ɓarna, kuma na daɗe ban gane ba. Kwanson harsashi shi kaɗai tagulla ce da ba ta kai kuɗin shayi ba. Amma kwanso ashirin da suka zube a layi ɗaya suna gaya maka inda sojoji suka tsaya suna harbi, dalmar da ka samu can gaba kuma tana gaya maka inda suka fuskanta. Kan kibiya kusa da dalma yana nuna iyakar inda mutanenmu suka matso kafin a kayar da su. Ranar da na kwashe su na haɗa wuri ɗaya, na share wannan rubutun, kuma ba mai iya mayar da shi. Yanzu kowa da waya a aljihu. Ka ɗauki hoton abu yana kwance a raminsa kafin ka taɓa shi, ka adana wurin a taswirar wayar, ka rubuta zurfinsa da kwanan wata da abin da ke kusa da shi, ka sa kowanne a ledarsa da 'yar takarda. Aikin minti biyar ne.

Abin da ya fi yi mini nauyi ya faru ne cikin hunturun 2018, bayan an gama girbi. Mun hau babur ni da wani abokina muka nufi wajen Satiru, kimanin mil 14 kudu da birni. Duk mai sha'awar wannan harka ya san sunan. A nan ne ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawa da gatura da fartanya da baka suka tarwatsa sojan doki na Turawa, suka kashe Turawa uku, har da muƙaddashin Razdan Hillary, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da runduna. Marubuta tarihi sun ƙiyasta mutum kusan 2,000 aka kashe, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a kufansa. Duk na karanta wannan. Amma abin da ke kaina a ranar shi ne, inda aka yi harbi da yawa nan kwanso zai yi yawa.

Ba mu je gaida maigari ba, ba mu tambayi mai gona ba. Muka faɗa wata saura muka kunna inji. Ba a jima ba ya yi kuka mai ƙarfi. Na sa dagi, na fito da munduwa ta jan ƙarfe, ƙarama, irin ta mata. Da na ja ta sai ta ƙi fitowa, na sa hannu na share ƙasar, sai ga ƙashi a cikinta.

Ina durƙushe a haka wani dattijo ya iso bisa jaki da ɗaurin kara. Ya yi sallama ya ce, "Samari, mi kuka biɗa nan?"

Na ce, "Baba, tarihi muke nema."

Ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce, "In tarihi kuka so, ga mu da rai, ba ku tambaye mu ba. Nan duk kushewa ta. Wa kunka gaya ma za ku zo?"

Bai ɗaga murya ba. Ya sauko ya sa muka mayar da munduwar yadda take, muka rufe ramin da hannuwanmu, muka yi addu'a. Sannan ya sa mu gaba har ƙofar maigari. Na zube na ce, "Ranka shi daɗe, mun yi kuskure." Maigari ya tambayi gidanmu a birni da sunan mahaifina, ya ce in gaishe shi, ya sallame mu. Da ya sa an zane ni da ya fi mini sauƙi. Tun muna makarantar allo muke jin hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, amma sai da na riƙe hannun wata baiwar Allah da ban san sunanta ba na gane cewa filin daga maƙabarta ce. Haka Alkalawa take, haka Tabkin Kwatto, haka duk wurin da kuke jin sunansa a tarihin jihadi da na zuwan Turawa. Akwai jikokin mutanen a kusa, kuma sun san abin da ke ƙarƙashin gonakinsu fiye da injinku.

Bayan wannan ne na nemi sanin doka, abin da ya kamata ya zo farko. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi sai da izininta, ta hana fitar da su waje ba takarda, ta kuma taƙaita wanda zai iya sayensu. Wurare irin Surame, tsohon birnin Kanta, suna ƙarƙashin kariyar gwamnati, ba wurin shiga da dagi ba ne. A cikin gari muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu, muna da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai sha'awa ta gaskiya ya fara da ƙafa zuwa can, ya bar injin a gida.

Ga kuma halin da ake ciki na tsaro. Baƙo da inji a daji, musamman gabashin jihar wajen Isa da Sabon Birni, ba wanda zai ɗauke shi mai son tarihi. Kusa da bariki kuwa kada ma ku fara. In kuma inji ya kai ku kan harsashin da bai tashi ba, ko wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙoƙon igwa, kada ku ɗaga, kada ku ƙwanƙwasa, kada ku kai wa 'yan gwangwan. Ku sa alama ku sanar da maigari da 'yan sanda. Daɗewa a ƙasa ba ta kashe albarushi.

Na san da yawanku kuɗi kuke hange, don haka bari in faɗi gaskiya. Abin da na kashe a mai da batir da gyaran inji ya ninka abin da na taɓa samu. Kwabo mai huji da anini na zamanin Turawa an buga su da yawan gaske, ba su da tsadar da ake zuzutawa. Liyarin azurfa mai hoton mace da 1780 a jikinsa, wanda ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan fiye da ƙarni guda, saboda haka shekarar ba ta nufin tsufansa ke nan. Duk wanda ya ce maka akwai Baturen da zai ba da miliyoyi amma ka fara kawo kuɗin gwaji, ɗan damfara ne.

Sau ɗaya na ci kuɗi mai ɗan kauri a harkar nan, kuma shi ne abin da nake so in rufe da shi. Da sunana ya fita a unguwa, wata tsohuwa ta aiko a kira ni. Ta kwance wani ƙulli ta nuna mini lambar girma ta azurfa ta surukinta, wanda ya yi yaƙin Kamaru tsakanin 1914 da 1916. Ta ce, "Ɗan nan, duba mini ko wannan zai yi kuɗin magani." Lambobin yaƙin duniya na farko ana buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a gefensu. Na gani da idona, na karanta. Na kai wa wani dillali, ya biya, na kawo mata nata, na riƙe la'adata. Da na tsaya na yi tunani, kuɗin maganin ba su fi ƙarfina ba, ina iya ba ta in ce ta mayar da ƙullinta.

Bayan shekara biyu jikanta, ɗalibi a jami'a, ya zo shagona. An gaya masa da lambar soja ana iya bin sawun mutum a takardun Turawa, a san kamfaninsa da inda ya yi yaƙi. Na rufe shago muka je wurin dillalin tare. Ya ce bai samu mai saye ba, ya sayar wa maƙerin fari a kan nauyi, an narkar. A hanyar dawowa yaron ya ce, "Kawu, ko lambar ka rubuta a wani wuri?" Ban rubuta ba.