Ɗigon madara a tukunyar nama: inda sabon rabbi ke fara tuntuɓe

Wanda ya sa kansa zama rabbi, wato malamin addinin Yahudawa, don yi musu hidima yakan ci shekara huɗu zuwa biyar kafin a ba shi semika, ijazar yanke hukunci. A Hebrew Union College ta 'yan Reform, ɓangaren Yahudawa masu sassauci, wadda aka kafa a Cincinnati a 1875, shekarar farko a Kudus ake yin ta. A makarantun Orthodox, masu riƙo da tsohuwar shari'a, kuwa jarrabawa ta fi nauyi a sashen Yoreh De'ah na Shulhan Aruk, littafin shari'ar Yahudawa na Yosef Karo da aka fara bugawa a 1565: nama da madara, gaurayen abinci, gishirin nama, makoki. Ɗalibi yakan fito da amsoshi cike da kai, amma bai iya tambaya ba.

Ga yadda abin ke faruwa. A shari'ar Yahudawa haramun ne dafa nama da madara tare, ko cin su a haɗe. Ranar Juma'a, saura awa biyu Asabar ta shiga da faɗuwar rana, ranar hutun da ba a girki a cikinta, uwargida ta bugo waya: madara ta ɗiga a tukunyar nama. Sabon rabbi, jikinsa na rawa, sai ya ce a zubar. Ya ga kamar ya kare addini, alhali bai yi aikinsa ba.

Kafin ya buɗe baki sai ya san yawan madarar, domin idan abin da ke cikin tukunya ya ninka ta sau 60, ta ɓace, abincin ya halatta. Cokali ɗaya, mililita 15, yana buƙatar mililita 900, kuma tukunyar iyali ta fi haka nesa ba kusa ba. Sai ya tambayi inda ɗigon ya faɗa. In cikin romo ne, da duka tukunyar ake lissafi. In kan tsoka ɗaya ce da ta fito saman romo, ba a juya ba, ba a rufe ba, tsokar na iya haramta, sannan a nemi ninki 60 na ita tsokar gaba ɗaya a sauran abin da ke tukunyar. Da zafi ko da sanyi? In duka biyun da sanyi ne, sau da yawa wankewa ta isa. In cokalin madara aka tsoma bisa kuskure, yaushe rabonsa da madara mai zafi? In ya wuce awa 24, abincin ya tsira, cokalin ne za a tsarkake a tafasasshen ruwa. Ƙarfe na tsarkakuwa, tukunyar ƙasa ba ta da gyara.

Akwai kuma tambayar da ake jin nauyin yi: gidan nan na da wani naman? Moshe Isserles na Krakow, wanda Yahudawan Ashkenaz, 'yan asalin tsakiya da gabashin Turai, ke bin bayanansa, ya sassauta a wurare da dama saboda babbar asara ko darajar Asabar. Talmud ma, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa na dā, ya fifita ƙarfin mai halattawa, don haramtawa ba ta buƙatar ilimi. Tsoron a ce yana da sakaci ne ke tura yaro ga tsanani, tunda ba a taɓa korar kowa don ya ce a zubar. Iyali su kwana da burodi, gobe kuma ba za su sake bugowa ba, za su yanke wa kansu hukunci. Maganin shi ne shimush, zama gefen tsohon rabbi ana jin yadda yake amsa waya, wata da watanni.

Abin da makaranta ba ta faɗa da ƙarfi: a Amurka rabbi ma'aikacin kwamitin majami'a ne, da kwantiragin 'yan shekaru. Wanda kake yi wa wa'azi ranar Asabar shi ke duba albashinka ranar Talata, kuma wanda ya ba da kuɗin gini ba ya mantawa. Ranar hutu da sharaɗin sallama, a sa su a rubuce tun ana ga-maciji.

A gidan makoki, cikin kwana bakwai na shiva, kada ka fara magana sai mai rashi ya fara. Kafin ɗaura aure, tambayi auren baya, don sakin kotu ba ya maye gurbin get, takardar saki ta addini. Sunan mamaci kuwa ka rubuta a takarda, ka tabbatar da lafazinsa wurin iyali kafin a fita maƙabarta.